Amosanin Gaɓɓai: A Tuɓe Takalmi A Dubi Ƙafa

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam baiwa da su, da wuya a sami wadda ake ɗora wa hidima kamar ƙafa, da wuya kuma a sami wadda ake yi wa rowar kulawa kamarta. Gama idan ido ya yi ja za ka ga an bazama neman magani tun kafin la'asar, idan kai ya sara an aiki yaro kemis, amma ƙafa tana iya shekara guda tana kumbura tana saɓewa, mai ita yana ɗingishi yana cewa gajiya ce, mutanen gida suna cewa sanyi ne, har ranar da za a wayi gari takalmi ya ƙi shiga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata cuta guda daga cikin cututtukan gaɓɓai, wadda likitoci ke kira amosanin gaɓɓai na rumatoyid, wadda sau da yawa ta ƙafa take fara bayyana, mu kuwa, da marasa lafiyarmu da masu jinyarsu, har da wasu ma'aikatan asibitinmu in za a faɗi gaskiya, ba mu cika farga da ita ba sai ta riga ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne, mafi yawan gurguntar da wannan cuta ke yi a ƙasarmu ta jinkiri ce, jinkirin kuwa yana farawa ne daga rashin duban ƙafa.

Ya kamata tun farko a rarrabe ta da 'yan uwanta, domin ciwon gaɓɓai iri-iri ne, kuma kowanne da sababinsa da maganinsa. Akwai zaizayewar gaɓa wadda shekaru da nauyin jiki da aikin ƙarfi ke kawowa, wadda galibi gwiwa da ƙugu take kamawa, tana tsananta idan an yi tafiya, ta lafa idan an huta. Akwai wanda malaman ɗibbu na Larabawa suka kira niƙris, wanda Abubakar ar-Razi ya keɓe wa risala guda, mai faɗa wa babban yatsan ƙafa cikin dare da azabar da ko mayafi ba ya son ya taɓa wurin, bayan 'yan kwanaki ya tafi. Akwai kuma ciwon ƙashi na masu sikila, wanda kusan kowane gida ya san labarinsa. Rumatoyid dabam take da duk waɗannan, domin asalinta garkuwar jiki ce, wadda aka halitta don ta yaƙi ƙwayoyin cuta, take juyowa kan wani siririn tantani da ya shimfiɗe cikin gaɓa yana samar mata da ruwan da ke sa ta motsa ba gurzuwa. Sai tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya riƙa cin guringuntsi da gefen ƙashi sannu a hankali, ya sassauta jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar, har ta goce daga mazauninta. Alamarta da ba ta cika ɓuya ba ita ce ta kama ƙananan gaɓɓai na hannu da na ƙafa, dama da hagu tare, da kuma sandarewar safiya, inda mutum zai farka ya ji gaɓɓansa sun ƙage, ya yi rabin sa'a ko sa'a guda ko fiye kafin su saki, alhali kuwa ciwon tsufa da 'yar motsawa kaɗan yake sakin mutum. Tana zuwa da kasala da rashin cin abinci da ƙarancin jini, kuma idan ta daɗe ba a tare ta ba tana iya taɓa huhu da ido da jijiyoyin zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Tun ranar da aka fara siffanta ta a rubuce da mata aka fara, domin wani ɗalibin likitanci Bafaranshe mai suna Landré-Beauvais, a shekarar 1800, a kan wasu mata matalauta da ke kwance a asibitin Salpêtrière na birnin Faris ya rubuta kundinsa, ya nuna cewa ciwonsu dabam yake da niƙris ɗin da aka sani ga mawadata maza. Sunan da take amsawa yau kuwa wani likitan Ingila ne, Alfred Garrod, ya raɗa mata a 1859. An daɗe ana ɗauka cewa cutar Turawa ce, ba ta cika kama baƙar fata ba, kuma wannan zato yana da asali, domin Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya wallafa bincikensa na Ibadan a 1969 inda ya iske cutar ba ta da yawa a asibitin can, wadda ya gani ma ba ta cika tsanani ba. Amma a 2010 Farfesa Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin marasa lafiya 200 daga asibitin gaɓɓai guda ɗaya a Nijeriya, kuma duk wanda ya leƙa layin masu jiran likitan gaɓɓai a Shika ko Kano ko Maiduguri ya san cewa wancan tsohon zato ba ya da sauran madafa. Abin baƙin ciki shi ne zaton ya daɗe a littattafai, wanda kuwa aka koya masa cewa abu ba ya nan, ba ya nemansa.

Mu koma ga ƙafar kanta. Ƙafa guda tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, an jera su bisa hikimar da ke sa tafin ƙafa ya yi baka a tsakiya, ya karɓi nauyin mutum a dunduniya, ya miƙa shi gaba zuwa gindin yatsu, daga nan a tunkuɗa ƙasa a ɗaga sawu. Likitocin ƙashi sun tabbatar cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu wannan cuta sai ta taɓa musu ƙafa ko idon sawu a tsawon zamansu da ita, kuma wajen mutum ɗaya cikin biyar ta nan take fara musu, tun hannu bai ce komai ba. Wurin da ta fi so shi ne gaɓɓan gindin yatsu guda biyar ɗin nan, inda yatsa ya haɗu da tafin ƙafa, kuma abin mamaki, a hoton ƙashi sau da yawa gindin ɗan ƙaramin yatsa, wanda ba wanda ke kula da shi, shi ne farkon wurin da ake ganin cizon cutar a ƙashi. Da kumburin ya fara sai gaban ƙafa ya yi faɗi, yatsu su ɗan ware da juna, takalmin da ake sawa shekara da shekaru ya soma matsi. In an bar shi, jijiyoyin da ke riƙe da yatsu sukan saki, babban yatsa ya karkata ya nufi 'yan uwansa har ya hau kansu ko ya shige ƙarƙashinsu, ƙananan su ɗage sama su lanƙwashe, kawunan ƙasusuwan da ke bayansu su dulmiya ƙasa. A nan ne babbar musiba take, domin Allah ya sanya wani matashin kitse a ƙarƙashin waɗannan kawunan ƙashi don ya tare musu ƙasa, idan kuwa yatsu suka ɗage sai su ja kitsen gaba, ƙashi ya rage daga shi sai fata; shi ya sa za ka ji masu ciwon, a ƙasashe dabam-dabam kuma ba tare da sun san juna ba, suna faɗin magana guda, cewa ji suke kamar a kan tsakuwa suke tafiya ko da a kan tabarma suke. Fatar wurin takan yi kanta mai tauri, ƙarƙashin kantar kuma gyambo yakan buɗe.

Bayan ƙafa da idon sawu nasu salon ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi nauyi a ƙarshe. A ƙarƙashin idon sawu akwai gaɓɓan da ke ba ƙafa damar karkata ciki da waje, su ne ke sa mutum ya taka kunyar gona ko rairayi ko hanya mai gargada ba tare da ya faɗi ba, kuma galibi su cutar ke riga kamawa kafin idon sawun kansa. Saboda haka manomi zai ce maka a kan daɓe ba ya jin komai, amma da ya shiga gona sai ƙafa ta ƙi. Akwai kuma wata jijiya mai saukowa ta bayan idon sawu na ciki, wadda ke ɗage bakan tafin ƙafa. Idan kumburi ya ci ta, sai bakan ya rushe, tafin ya shimfiɗe a ƙasa, dunduniya ta goce waje, mutum ya koma tafiya a kan gefen ƙafarsa na ciki, gwiwa da ƙugu da baya su shiga biyan bashin wannan karkata. Idon sawun kuwa idan ya kamu, hawa tudu da matakala shi ne farkon abin da ke gagara. Wasu kan sami ƙulli mai tauri a kan agara, wasu kumburin ya danne jijiyar ji a gefen idon sawu, tafin ƙafa ya riƙa zafi da mintsini ko ya mutu gaba ɗaya.

Wanda bai ɗanɗana ba zai ga kamar wannan duk bayanin ƙashi ne kawai, amma a rayuwarmu ƙafa ita ce kasuwa da gona da rijiya da zumunci da masallaci. Mu mutane ne masu zama a ƙasa, a ƙasa muke cin abinci, a tsugune ake wanki da girki da gaida manya, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya lanƙwasa daidai gaɓɓan da cutar ta kama. Salla ma, wadda ake yi sau biyar a yini, sujadarta tana bukatar a kafa yatsun ƙafa a ƙasa a tanƙwara su, zaman tahiya kuma yana murɗa idon sawu, har ya zama akwai bayin Allah, galibi mata, da ke shiga salla da fargabar yadda za su tashi. A nan ina da ƙorafi a kan malamanmu na unguwa, domin shari'a ba ta bar wannan wuri a rufe ba: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya zo da sauƙi ga wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kishingiɗe, kuma Risala da Ahalari, waɗanda ake karantawa a kowane zaure, sun yi bayanin sallar mara lafiya da nuni a maimakon ruku'u da sujada. Duk da haka za ka ga baiwar Allah tana azabtar da kumburarriyar gaɓa don kada a ce ta yi salla a kan kujera tun ba ta tsufa ba. Malamin da zai ɗauki darasi guda ya karantar da wannan babi a makarantar matan aure, ya kuma ƙara musu da cewa ciwon da ke hana sujada ciwo ne da ya wajaba a kai wa likita, ya yi wa al'umma hidimar da ta fi wa'azi goma.

To, me ke jawo jinkirin? Na farko dai fahimtarmu ce ta sanyi, wadda ta zama rumbun da ake zuba kowane irin ciwon jiki a ciki, daga na mara har na gwiwa. Idan aka ce sanyi ne, an riga an yanke hukunci kuma an rubuta magani: a gasa da ruwan zafi, a shafa man zafi, a sha jiƙo, a daina wanka da ruwan randa. Mata sun fi cutuwa da wannan, saboda wata ɗabi'a ta cutar wadda likitoci suka daɗe da sani, watau takan lafa wa mata da yawa idan suna da ciki, ta dawo da ƙarfinta a watannin bayan haihuwa, wasu ma a lokacin ne take fara musu. Mai jego kuwa idan ta ce ƙafafunta sun ƙage da safe, amsar tana nan a bakin kowace gwaggo: ba ta yi wankan jego da kyau ba, sanyi ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kunun kanwa. Haka za a yi ta yi har a yaye yaro, a sami wani cikin, ciwon ya lafa, a ce ai ga shi magani ya yi aiki, a haihu ya dawo. Idan yatsu suka fara karkacewa kuma sai magana ta canja, a ce ta taka wani abu, ko jifa ne daga kishiya ko dangin miji, sai a tafi inda za a kashe kuɗin da ya isa gwajin jini sau da yawa, a dawo da gaba a cikin gida ban da ciwon. Ba na raina wanzami da maɗori, domin kowannensu yana da fagen da ya ƙware, kuma maɗorin kirki ya san targaɗe da karaya. Amma tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓar da garkuwar jiki ke ci daga ciki ba sa kai wa ga sababin, illa iyaka su buɗe ƙofa ga ƙwayar cuta a fatar da ba ta saurin warkewa.

Na biyu, wanda a ganina ya fi na farko hatsari saboda yana kama da nasara, shi ne haɗin kemis. Mai ciwo zai je ya ce gaɓɓai, a ƙulla masa ƙwayoyi uku ko huɗu a leda ba suna, ya sha da dare, ya tashi da safe garau, ya yi ta sa wa mai kemis albarka. Abin da ke cikin ledar galibi maganin kashe zafi ne irin su dikulofenak ko ibufurofen, tare da deksametazon ko firedinisolon, waɗanda dangin kotizon ne. Wannan abin al'ajabi da yake gani ba sabo ba ne: a watan Satumba na 1948 likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya yi wa wata mata mai wannan cuta, wadda ta kasa tashi daga gado, allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, duniya ta ɗauka an gama da cutar, har aka ba shi da wasu masana biyu kyautar Nobel a 1950. Ba a yi shekaru da yawa ba likitoci suka ga abin da ke biyo bayan shan sa da yawa na tsawon lokaci, watau kumburin fuska, da hawan jini, da ciwon sukari, da ruɓewar ƙashi, da fata mai saurin yagewa, da raunin jiki a gaban kowace ƙwayar cuta. Su sun koyi darasinsu tun wancan zamani, suka mayar da shi magani na ɗan lokaci a ƙaramin awo, kafin maganin asali ya kama aiki. Mu kuwa muna nan muna maimaita kuskuren shekarun 1950 a kowane lungu, a hannun wanda bai san awo ba. Magungunan kashe zafin su ma suna huda ciki suna raunana ƙoda idan aka lazimce su, kuma ba sa hana cutar cin ƙashi ko kaɗan. Zafin kawai suke ɗaukewa, wanda shi ne zai kai mutum asibiti. Wanda ya riga ya daɗe a kan deksametazon kuma kada ya yanke shi rana ɗaya don ya karanta wannan, domin yankewar farat ɗaya tana iya kisa. Likita ne zai rage masa daki-daki.

Na uku yana wuyan ma'aikatan lafiya, kuma a nan ba namu kaɗai ba, har na ƙasashen da suka ci gaba. Ma'aunin da likitocin gaɓɓai suka fi amfani da shi a duniya wajen auna ƙarfin cutar, wanda aka tsara a ƙasar Holan a shekarun 1990 ake kiransa DAS28, gaɓa 28 yake ƙirgawa: kafaɗu, da gwiwar hannu, da wuyan hannu, da gaɓɓan yatsun hannu, da gwiwoyi. Babu idon sawu a ciki, babu ko yatsa ɗaya na ƙafa. An yi haka ne don sauƙi da sauri, kuma ma'aunin yana da amfaninsa, amma sakamakonsa shi ne mutum yana iya samun shaidar cewa cutarsa ta kwanta alhali da kyar ya tako daga bakin ƙofar asibiti. In haka abin yake inda likita ke da lokaci, yaya ke nan a wurin da ma'aikaci ɗaya zai ga mutum sittin kafin azahar, mara lafiyar kuma mace ce cikin hijabi da safa, wadda kunya ba za ta bar ta ta miƙa wa namiji ƙafa ba sai an ce ta miƙa? Sai a tambaye ta, ta ce jikina ke ciwo, a rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, a kira na gaba. Alhali gwajin farko ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma cin minti guda: a ce ta tuɓe takalmi da safa, a dubi yatsu da dunduniya tana tsaye, sa'an nan a kama gaban ƙafar a tafin hannu a ɗan matse gindin yatsun gaba ɗaya a hankali, in ta zabura saboda zafi, a ƙafa biyu, kuma ta ce takan yi fiye da rabin sa'a a ƙage da safe, kuma abin ya kai mako shida, to wannan ta likitan gaɓɓai ce, ba ta jira ba. Gani ya kori ji, kuma ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye tana iya wannan kamar yadda farfesa zai iya.

Dalilin da ya sa nake nanata gaggawa shi ne abin da ilmin likitanci ya tabbatar a shekarun baya-bayan nan, cewa watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da magani ya fi tasiri, kuma mafi yawan waɗanda ƙashinsu ke cinyewa cikin shekara biyu na farko abin ke somawa. Guringuntsin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Tun ran gini ran zane. Ana taimakawa da gwajin jini, irin su RF, wanda Erik Waaler ɗan ƙasar Norwe ya wallafa bayaninsa a 1940, da wani mafi daidaito da ake kira anti-CCP, sai dai akwai masu cutar da gwajinsu ke fitowa ba komai, don haka takardar gwaji ba ta soke abin da hannun likita ya taɓa. Jagoran magungunan asali shi ne metotireksat, wanda aka fara sani a maganin sankara kafin a gane cewa ƙaramin awonsa yana kwantar da wannan cuta, kuma sharaɗinsa mai girma ne: sau ɗaya a mako ake shan sa, a rana guda sananniya, wanda ya kuskure ya sha kullum yana iya rasa ransa; ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma haramun ne a likitance ga mai ciki ko mai neman ciki, domin yana illata ɗan tayi. A al'ummar da haihuwa ke da matsayin da take da shi a wurinmu, wannan magana ce da ya wajaba a yi ta a fili da matar da mijinta tare, tun da akwai wasu magungunan, kamar salfasalazin da haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sha a da don zazzaɓi, waɗanda likita kan iya ba mai ciki. Dukkansu sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma a nan ne da yawa ke karaya su koma ga ledar kemis mai aikin dare ɗaya.

Na san za a ce mini, malam, kana magana kamar likitocin gaɓɓai sun cika gari, alhali 'yan ƙalilan ne, suna manyan asibitocin koyarwa, mai ciwo kuma tana ƙauyen da kuɗin motar zuwa birni kaɗai ya isa ya hana ta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Sabbin allurai da suka fito tun daga 1998, bayan binciken Maini da Feldmann a Landan, waɗanda ke toshe sinadarin kumburi kai tsaye, tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, suna bukatar firiji, kuma sai an tabbatar mutum ba ya ɗauke da tarin fuka a ɓoye kafin a fara, domin suna iya tayar da shi. Amma tsofaffin magungunan uku da na ambata ƙwayoyi ne da suka daɗe a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, da su ake kwantar da cutar ga mutane masu yawa, kuma in aka lissafa abin da gida ke kashewa a shekara a kan haɗin kemis da man shafawa da masu cire jifa, ba na jin ya gaza kuɗinsu. Ga masu cewa ƙaddara ce sai haƙuri kuwa, lalle ƙaddara ce, kuma haƙuri ibada ne, amma tawakkali bai taɓa hana riƙon sababi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya rubuta risaloli a kan maganin ciwon ido da na basir, kuma bai ga hakan ya rage masa imani ba. Mai shan taba kuma ya sani cewa hayaƙinta na daga cikin sababan da aka tabbatar suna jawo cutar, suna kuma dushe aikin maganinta.

Wanda ƙafarsa ta riga ta karkace ma ba a rufe masa ƙofa ba. Silifas ɗin roba mai tsinke tsakanin yatsu, wanda shi ne takalmin mafi yawanmu, yana tilasta wa yatsu su ƙanƙame shi a kowane taku, ba ya tallafar bakan ƙafa, ba ya riƙe dunduniya. Sau-ciki mai tsinin baki kuma yana gurzar yatsun da suka ɗage har su yi gyambo. Abin da ake bukata shi ne takalmi mai faɗin gaba da zurfi, mai taushin sama, mai riƙe dunduniya, mai kaurin ƙasa wanda gabansa ya ɗan ɗaga don ƙafa ta mirgina ba sai yatsu sun tanƙwaru ba, da shimfiɗa a ciki mai ɗan tudu a bayan gindin yatsu don ta ɗauke musu nauyi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen da ke ƙera irin waɗannan kayan tallafi, kuma ban ga abin da zai hana a tara dukawanmu, waɗanda suka gaji aikin fata kaka da kakanni, a koya musu awon irin wannan takalmi su riƙa ɗinka shi a farashin da talaka zai iya ba, maimakon a jira na ƙasar waje. Kantar tafin ƙafa kada a sa mata reza a gida, balle ga mai shan magungunan da ke rage garkuwa ko mai ciwon sukari. Kuma tun da muna wanke ƙafa a kowace alwala, ba wani ƙarin aiki ba ne mutum ya duba tsakanin yatsu da ƙarƙashinsu, ya tsane su, in ya ga rauni ko canjin launi ya kai asibiti a ranar. Motsa gaɓɓai a hankali bisa koyarwar likitan gashin ƙashi yana hana su daskarewa, kwanciya gaba ɗaya kuwa ƙara ƙage su take yi. Idan abin ya wuce haka akwai tiyata, inda ake miƙe yatsu, ko a rage kawunan ƙasusuwan da suka dulmiya, ko a haɗe gaɓar da ta lalace ta zama ƙashi ɗaya, a rasa motsinta a sami tafiya ba azaba.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Nijeriya, jihohi kuma sun kafa hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Abin da nake roƙon waɗannan hukumomi da ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne su tabbatar magungunan nan uku da gwajin jinin da ke tafiya da su suna samuwa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, yadda likitan gaɓɓai zai gano cutar ya tsara magani a birni, a ci gaba da bibiya kusa da gida, sa'an nan a sanya matsa gindin yatsun ƙafa cikin abin da ake koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko, musamman masu duba mata a ranar rigakafin jarirai, domin a wannan layin ne masu jegon da ƙafafunsu ke ƙagewa da safe suke zaune da 'ya'yansu a hannu, kuma ba wanda ke tambayarsu komai game da jikinsu.